Shekara guda da siririyar wuƙar aljihu

Wuƙar aljihu ta farko da na mallaka tana da kayan aiki fiye da ashirin a cikinta, amma nauyinta ya sa aljihun wandona ya riƙa rinjaya gefe guda, har na gaji na ajiye ta a cikin durowa. Da na zauna na lissafa abin da nake yi da ita a zahiri, sai na tarar bai wuce yanke igiya, da buɗe kwali, da ɗaure noti idan ya saki ba. Wannan lissafin ne ya kai ni ga Victorinox Cadet, wadda yanzu ta shekara tare da ni.

Kamfanin da ke ƙera ta yana garin Ibach na ƙasar Suwizalan tun shekarar 1884, lokacin da Karl Elsener ya buɗe maƙerarsa. Tsawon wuƙar idan an ninke ta milimita 84 ne, nauyinta kuma bai kai giram 50 ba. Bayan ruwan wuƙar, akwai magogin farce, da mabuɗin gwangwani, da mabuɗin kwalba, kuma bakin kowane ɗaya daga cikin mabuɗan nan biyu sukudireba ne, ɗaya ƙarami ɗaya babba.

Abin da ya fi burge ni shi ne jikinta na alminiyam mai ƙananan ƙuraje, wanda ba ya sulɓewa ko da hannu ya yi gumi. Saboda rashin kaurinta, takan kwanta a ƙasan aljihu kusa da makullai, in yini da ita ban tuna tana nan ba sai buƙata ta taso. Wata rana hannun tukunya ya fara girgiɗi, na buɗe babban sukudireban, na ji ɗan ƙaran nan na "ƙas" da yake yi idan ya zauna daidai, kafin minti ɗaya na gama ɗaure shi. Ƙarfen wuƙar ba ya tsatsa, kuma ko da yake kaifinsa yakan ragu idan an yawaita yanka kwali, shafa kaɗan a kan dutse yana dawo da shi.

Sai dai duk mai son siririyar wuƙa dole ya haƙura da wani abu. Wannan ba ta da almakashi, kuma ruwanta ba ya kullewa idan an buɗe, ƙarfen baya ne kawai ke riƙe shi, saboda haka ba a yi ta don huda abu mai tauri ko ɓanɓarewa ba. Wanda aikinsa ke buƙatar almakashi kullum, gara ya duba Pioneer X, wata wuƙar kamfanin mai almakashi da tsawon milimita 93, ya yarda da ƙarin kauri. Ni kam almakashi sau biyu ko uku kawai na nema a cikin shekarar, kuma a kowane karo bakin wuƙar ya biya mini buƙata.