Wasan waya ko gwajin mantuwa: wanne ya dace da Alhaji?

Ƙanwata, na ga tambayarki. Kin ce Alhaji ya haura saba'in, ya fara maimaita tambaya ɗaya sau uku kafin a kwashe kwanukan tuwo, yana ajiye kuɗi ya manta inda ya sa su har ya zargi yaran gida. Yayanku na Kwatano ya ce a sa masa manhajar wasan motsa ƙwaƙwalwa a waya, shi zai riƙa biyan kuɗin wata. Wata ƙawarki kuma ta turo miki gwajin mantuwa na intanet. Kina so ki san da wanne za a fara. Allah ya ba Alhaji lafiya, ya saka miki da alheri kan kulawar da kike yi.

Abubuwan nan biyu ba aiki ɗaya suke yi ba. Wasan an yi shi ne don mai lafiya ya motsa tunaninsa, gwajin kuwa don a auna inda tunanin ya tsaya. Alhaji, yadda kika bayyana shi, aunawa yake buƙata. Sai dai gwajin da ke cikin wayarki ba shi ne ma'aunin da ya dace da shi ba, zan zo kan dalili.

Bari mu sallami wasan tukuna, don zancensa bai da tsawo. A 2010 wani masani, Adrian Owen, tare da BBC suka gwada irin waɗannan wasanni a kan mutane 11,430 a Birtaniya tsawon mako shida. Mutanen sun ƙware a wasannin da suka yi ta bugawa, amma da aka auna su a wasu ayyukan tunani na dabam, ba su fi waɗanda ba su buga ba. A 2016 kuma hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta sa kamfanin da ke da manhajar wasannin ƙwaƙwalwa ta Lumosity ya biya dala miliyan 2, saboda yana tallar cewa wasanninsa na kare mutum daga gigin tsufa alhali ba shi da hujja. Ba na cewa horar da ƙwaƙwalwa aikin banza ne. Akwai binciken ACTIVE a Amurka, kan tsofaffi sama da 2,800, inda waɗanda aka horar kan saurin lura da warware matsala suka riƙe wani abu daga horon har bayan shekara goma. Amma lafiyayyu ne, kuma malamai ne suka zauna da su rukuni-rukuni. Wannan daban yake da a miƙa wa dattijo waya mai rubutun Turanci ko Faransanci a ce ya bi ƙananan hotuna da yatsa. Idan ya kasa, ba abin da za ki gane daga kasawarsa, shi kuma ransa zai ɓaci. Idan ya iya, makin da manhajar za ta nuna zai kwantar muku da hankali a lokacin da bai kamata ya kwanta ba, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Gwaji ya fi kusa da abin da kike nema, shi ya sa zan daɗe a kansa. Biyu ne suka fi shahara a hannun likitoci: MMSE, wanda ya fito a 1975, da MoCA na likita Ziad Nasreddine na birnin Montiriyal a Kanada. Kowanne maki 30 ne, ana gama shi cikin kamar minti goma. Yawancin na intanet daga su suke kwaikwayo. To dubi abin da MoCA yake tambaya: a zana agogo mai nuna sha ɗaya da minti goma, a kwafi zanen akwati, a faɗi sunan zaki da raƙumi da karkanda daga hoto, a riƙa cire bakwai-bakwai daga ɗari, a riƙe kalmomi biyar a maimaita su bayan ɗan lokaci, a faɗi kwanan wata da shekara. Wanda ya samu ƙasa da 26 sai a ce a ƙara bincike.

Yanzu ki sa Alhaji a gaban wannan. Mutumin da ya yi allo bai yi lakwal ba, wanda da kiran salla yake sanin lokaci, watansa kuma na Musulunci ne, lissafinsa da dala da jika. Raƙumi dai ba zai gagare shi ba, amma karkanda a ina ya taɓa ganinta? Dattijon da zai iya gaya miki ribar kowane turmin atamfa a ka, ba takarda ba alƙalami, sai ya faɗi wannan gwaji lafiyarsa ƙalau. Masu MoCA sun san da matsalar, suna ƙara maki ɗaya ga wanda karatunsa bai wuce shekara 12 ba, har sun fitar da wani mai sauƙi domin waɗanda ba su yi karatu ba. Shafin intanet ba ya ganin cewa kunnen Alhaji ya yi nauyi, ko idonsa na da yana, ko bai yi barci ba daren jiya. Wasu shafukan ma ƙarshensu tallar ƙwayoyin «ƙarin basira» ne, bayan sun karɓe lambar wayarki.

Ko wanda likita ya yi da hannunsa, gwaji tiya ne: zai nuna geron da ke buhu ya ragu, ba zai gaya miki ɓera ne ya ci ko buhun ne ya huje ba. Dalilin raguwar shi ne abin nema. Ƙarancin bitamin B12, raunin halittar maƙogwaro da ke kawo maƙoƙo, baƙin ciki mai tsanani, wasu magungunan barci da na mura, jinin da ya taru a ka bayan faɗuwa daga kabu-kabu, duk suna kawo mantuwa mai kama da gigin tsufa, kuma ana magance su. Hawan jini da ciwon suga da aka yi sakaci da su suna lalata ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa a hankali. Cutar Alzaima, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ce kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu gigin tsufa, ba ta da maganin warkewa, sai magunguna irin su donepezil da ke sassautawa na wani lokaci.

Akwai ma'auni na uku da ba ki ambata ba, kuma shi na fi yarda da shi a irin gidajenmu: ke da kanki, da Hajiya, da duk wanda ke kwana ya tashi da Alhaji. Tun 1992 da masu bincike suka fara kwatanta tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fatar birnin Indiyanafolis na Amurka, ba su dogara ga tambayar tsohon kaɗai ba, sun haɗa da hira da wani na jikinsa. Akwai kuma wani ɗan gwaji, AD8, mai tambaya takwas wanda dangi ke amsawa: ya fara maimaita zance? Lissafin kuɗi ya fara rikice masa? Yana manta alkawari? Ya daina sha'awar abin da ya saba so? Idan biyu sun samu «e», a je a ga likita. Sirrinsa shi ne ba ya gwama Alhaji da Baturen da ya yi jami'a, yana gwama shi da Alhajin shekara biyu ko uku da suka wuce.

Don haka ga abin da zan yi in ni ce ke. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da kika gani, da ranar, na mako biyu ko uku. Ki tattara duk magungunan da yake sha, har na gargajiya da na ƴan tebur, cikin leda ɗaya. Ki kai shi a auna hawan jini da suga, a duba kunne da ido, sannan ku nemi ganin likita a babban asibitin jiha ko asibitin ƙwararru na nan Maraɗi. Likitocin ƙwaƙwalwa ƙalilan ne a ƙasar nan, yawancinsu suna Yamai, amma likita na gama-gari zai iya yin matakin farko ya tura ku gaba in da buƙata. Kada ki ce masa za a gwada hankalinsa, ba dattijon da zai yarda da wannan. Ki ce awon tansiyo ne, kuma ba ƙarya kika yi ba. Wani hanzari: in ruɗewar ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, ko da zazzaɓi, ko baki ya karkace, ko hannu ya mutu, to babu zancen littafi, asibiti za a nufa a take.

Za a ce miki tsufa ne, me za a gano da wuri tunda ba magani? Za a gano abin da ke da magani, in shi ne. In kuwa ba shi ba ne, Alhaji zai samu lokacin da zai faɗi wanda yake bi da wanda ke binsa, da amanar mutane da ke hannunsa, tun bakinsa na da ƙarfi. Yaran da ake zargi da sata su ma za su huta, kafin wani ya kawo zancen sammu gida ya rabu biyu.

Kuɗin watan da yayanku ya yi niyya, ki roƙe shi ya juya su zuwa maganin hawan jini da tabarau. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 waɗanda suke da hannu a kusan kashi 45 cikin ɗari na gigin tsufa, kuma hawan jini, raunin ji, raunin gani, rashin motsa jiki da kaɗaici duk suna ciki. Shi ya sa ban so a zaunar da Alhaji a ɗaki don gudun kada ya yi abin kunya a waje. A bar shi ya taka zuwa masallaci da rakiyar jika, ya zauna majalisarsa, ya buga dararsa in yana bugawa. In kin dawo daga asibiti ki gaya mini abin da awon ya nuna, sai mu duba maganar Yamai.