RG-58 ko RG-213 ga eriyar da ke nesa?

Eriya tana kan bene a Gombe, rediyo yana ƙasa, tsakaninsu mita 30. RG-58 da RG-213 wayoyi ne da ke haɗa rediyo da eriya, kuma duk om 50 ne (om shi ne ma'aunin turjiyar lantarki). RG-58 siririya ce, kaurinta milimita 5, ga araha ga sauƙin lanƙwasawa. A mitar rediyo ta megahaz 7, ƙarfin siginar da take asara wajen desibel 1 ne (desibel shi ne ma'aunin asarar), ba abin damuwa ba. Amma a megahaz 145 tana cinye kusan desibel 6: cikin wat 40, goma kaɗai ke isa eriya. RG-213 mai kaurin milimita 10 takan isar da wajen wat 20, sai dai tsada, kuma ba ta son kwana mai kaifi.

Kar a riƙa guntule waya don neman gyara SWR, wato awon da ke nuna yawan ƙarfin da ke dawowa daga eriya. Idan awon yana tsalle da an canja tsawo kaɗan, balun ake buƙata, wato ƙaramar na'urar da ake sawa tsakanin waya da eriya. A naɗe mahaɗin waya da eriya da tef kafin damina.