Kaunta ta yatsa, wata huɗu kenan ina amfani da ita

Wannan ɗan carbin lantarkin da ake sawa a yatsa kamar zobe, wanda muke ce ma kaunta, a bakin masallacin Juma'a na saye ta wajen masu shimfiɗa turare da asuwaki. Ba ta da tsada ko kaɗan. Maɓalli biyu ne, babban na ƙirgawa, ƙaramin na gogewa ya maida kai sifili, sai ɗan gilashi da ke nuna lamba, batirin ma irin na agogon hannu ne.

Dalilin sayenta shi ne azkar ɗin bayan sallah. In an sallame mutum ya yi Astagfirullah sau 3, ya yi Allahumma antas salam, to da na shiga Subhanallah 33, Alhamdulillah 33, Allahu Akbar 33 sai lissafi ya kwance min, wani ya miƙo hannu a gaisa ko a fara sanarwar ɗaurin aure, shikenan na manta ko ina 20 ne ko 27. Kuma abin yana damuna wallahi, don hadisin Abu Huraira da ke cikin Muslim ya nuna wanda ya yi su ya cike na 100 da La'ilaha illallahu wahdahu la sharika lah har ƙarshe, ana gafarta masa zunubansa ko da sun kai kumfar teku, ai ba abin da mutum zai yi wasa da shi bane.

To amma a nan ne ta ɗan ba ni matsala, ba ta san 33 ba, tafiya kawai take, sai ka riƙa leƙen gilashi kana jiran 33, 66, 99, baki na motsi ido na kan lamba zuciya kuma tana can wajen lissafi. Da Asuba in an ɗauke wuta ma ba ka ganin komai, don tawa ba mai fitila bace. Wani malami a unguwarmu ya gan ni da ita, murmushi kawai ya yi ya ce ba laifi, amma kar na manta Annabi (SAW) ya ce a ƙirga da yatsu don za a tambaye su kuma za su yi magana. Tun ranar na koma gaɓoɓin yatsun hannun dama, kowane yatsa gaɓa uku, sai na ji na fi samun natsuwa.

Inda ta yi min rana shi ne istigfari da salatin Annabi masu yawa, a cikin a daidaita sahu ko ina zaune a shago ba ciniki, kafin La'asar sai ka ga ɗaruruwa. Inna ma da yatsunta ke ciwo ita na saya wa ta biyu, yanzu ko filo ta ɗaga tana nan ƙasansa.

Abu biyu dai a kiyaye. A cire ta kafin alwala, ta farko da na saya ruwa ne ya shige ta lambobin suka dushe. Sannan a aljihu tana danna kanta, wani lokaci ma ta goge komai. In za ku saya ku nemi mai fitila, ku danna ta kamar sau 20 a gaban mai kayan ku ga ba ta tsallake lamba.