Gargaɗi ga masu gyaran waya: mai sayar da fayil a kulle ya shigo kasuwanninmu

Ina sanar da 'yan'uwa masu gyaran waya da masu shagunan tura fina-finai a ƙauyukan ƙasar Gumel cewa akwai wani mutum da ke bin kasuwanni da kwamfutar hannu a jaka, yana sayar da filash da ya ce an cika shi da fayilolin filashin na wayoyin Tecno da Itel da Infinix, wato manhajar da ake sake zuba wa waya idan tata ta lalace. Ƙanena, wanda ke da teburin gyara a garinmu, ya haɗu da shi ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, kuma ya rabu da naira dubu goma sha biyar.

Mutumin ba ya buɗe kayan nasa. Abin da ke cikin filash ɗin ƙunshi ne guda ɗaya nau'in zip, an kulle shi da kalmar sirri. Idan mai saye ya nemi gani, sai ya buɗe baƙin allo, ya rubuta wani ɗan umarni, nan take sunayen fayiloli su zubo reras. Ga wanda bai taɓa ganin layin umarni ba, wannan ya isa ya sa ya saki jiki. Daga nan sai ya karɓi kuɗi, ya ce zai turo kalmar sirrin ta WhatsApp da dare. Da daren ya yi, sai ya nemi ƙarin dubu biyar, wai kuɗin manhajar da ke leƙa cikin abin da aka kulle. Bayan nan lambar ta daina shiga.

Ni malamin kwamfuta ne a makarantar sakandare, shi ya sa yaron ya kawo mini filash ɗin yana cewa, "Yaya, da idona na ga sunayen." Gaskiya ya faɗa, ya gan su. Abin da bai sani ba shi ne, tsarin zip, wanda Phil Katz ya fitar a 1989, yana ajiye jerin sunayen abin da ke ciki a ƙarshen ƙunshin, kuma kalmar sirri irin ta yau da kullum cikin fayilolin kawai take kullewa, ba ta rufe wannan jeri. Saboda haka kowa yana iya karanta sunayen ba tare da mabuɗi ba, kuma kowa yana iya laƙaba wa fayil sunan da ya ga dama, kamar yadda ake rubuta "riɗi" a jikin buhun da aka cika da ƙaiƙayi.

Manhajar da yake neman a biya kuwa kyauta ce. Umarnin unzip -l yana yin wannan aiki, haka ma 7z l na manhajar 7-Zip, wadda Igor Pavlov ya fitar tun 1999 kuma ba a biyan ko sisi a kanta. Hatta Windows 10 tana zuwa da tar, wani umarnin da shi ma ke jera sunayen, a cikinta tun 2018. Babu ɗaya daga cikinsu da ke karya kalmar sirri yayin jera sunaye.

Da na rubuta unzip -l a kan ƙunshin, sai na sa ƙanen nawa ya ɗauke ido daga sunayen ya dubi hagu, inda ake nuna girman kowane fayil da ranar da aka yi shi. Fayil ɗin filashin na wayar Android yakan kai ɗaruruwan megabayit, sau da yawa ma ya haura gigabayit guda. Waɗannan kuwa yawancinsu sifili ne, wasu 'yan bayit kaɗan, kuma dukkansu rana ɗaya aka yi su, cikin 'yan mintoci. Mutumin ya san da haka, domin yaron ya tuna cewa ya matsar da allon gefe har wancan sashe ya ɓuya.

Sai dai girma ma ba hujja ba ce, tunda mai wayo zai iya cusa tarkace ya kumbura fayil. Wanda aka kawo wa irin wannan kaya, ya zaɓi fayil ɗaya da kansa daga cikin jerin, a buɗe ƙunshin da kalmar sirrin a gabansa, a kan kwamfutarsa, kafin kuɗi ya bar aljihunsa. Ƙanena ya ce ya ji mutumin yana tambayar motar Haɗeja, don haka masu gyara na wancan yanki su sa ido.