Akwatin wasan koyo da na saya wa ɗiyata, abin da na gani a sati uku

Assalamu alaikum iyaye mata. Tun ranar da na sa hoton tunkiyar auduga da ɗiyata ta yi a WhatsApp ake ta tambayata ina na samo kayan, ko sun yi kuɗinsu, toh na ce bari in zauna sau ɗaya in faɗi komai yadda yake.

Wata baiwar Allah ce a Kaduna take haɗawa tana tallarsa a Instagram, kowane wata da jigonsa, wannan watan gona, wani watan kasuwa, wani jikin ɗan Adam, haka dai. Ni na gona na yi oda saboda yarinyar tana mutuwar son dabbobi, shekararta uku da rabi kuma ba mu sa ta a makaranta ba tukun sai shekara mai zuwa in Allah ya kai mu. Abin da ya tura ni kuwa waya ce, gaskiya ta fara yi min yawa, daga tashi barci sai katun, in ka karɓe sai birgima a ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019 ta ce yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 kada zamansa gaban waya ko talabijin ya wuce awa 1 a rana, in ya gaza hakan ma ya fi, mu kuwa mun ninka haka nesa ba kusa ba, abin yana damuna ƙwarai.

Kwana biyu kaya suka iso Kano a mota, an naɗe su da kyau ba abin da ya fashe. A ciki akwai kwali kala-kala, almakashin yara mai dakusasshen baki, gam na ruwa, auduga, kalar zane, ƙullin wasa gwangwani huɗu irin su Play-Doh ɗin nan, katunan dabbobi, 'yan ƙwallayen ulu, idanun roba da ake mannawa, sai wani ɗan littafi na jagora. Wannan ɗan littafin shi ne kuɗina, wallahi ko shi kaɗai aka ba ni ban yi asara ba. Kowace rana shafi ɗaya, ta rubuta abin da za ki tanada, yadda za ki fara, da tambayoyin da za ki riƙa yi wa yaro yana aikin, kuma duk aikin ba ya wuce minti goma sha biyar zuwa ashirin, daidai haƙurin yaro, in ya gaji ki kyale shi.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne shukar wake. Muka jiƙa auduga muka sa a kofin roba mai garai-garai, yarinyar ta ɗauko wake guda uku da hannunta ta jera a gefe yadda za a riƙa hango su, muka ajiye a bakin taga. Kullum da safe tun kafin ta wanke fuska sai ta je ta leƙa, kwana biyu ba komai har ta fara cewa waken ya ƙi, rana ta huɗu ina kicin na ji ihu, Mama Mama ya yi wutsiya! Saiwa ce ta fito fara sol. Ta ɗauki kofin nan da hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwai ta kai wa Babansu har ɗaki, shi ma ya ajiye abin da yake yi suka zauna suna kallo. Daga ranar ita ke ba shi ruwa da murfin kwalba, yanzu mun mayar da shi cikin ƙasa a tsohon gwangwanin madara ya yi ganye, kuma ba wanda ya isa ya taɓa shi a gidan nan.

Akwai kuma na kwasar hatsi da cokali, ki zuba masara da wake a kwano ɗaya ki ba ta kwalin ƙwai ta rarraba. Mai kayan ta rubuta wai tsarin Montessori ne, ita Maria Montessori ɗin likita ce 'yar Italiya da ta buɗe gidan yaranta na farko a birnin Rum a 1907, tunaninta shi ne a bar yaro ya taɓa abu na gaske ya yi da kansa, yatsu su yi ƙwari kafin a damƙa masa fensir. Hajiya surukata tana zaune tana kallonmu sai ta ce, ai wannan tsintar wake ce da muke sa yara tun da can, da tuwon ƙasa da 'yar tsana da motar kara duk makaranta ce. Na ce ƙwarai kuwa Hajiya, mu ne muka sake. Maganarta ta shige ni sosai.

Toh sai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Katunan dabbobin duk da Turanci ne kuma da gani gonar Turawa aka zana, ga alade ga wani jan rumbun katako da yaranmu ba su taɓa gani ba, amma babu raƙumi babu zabo babu jaki. Na cire na aladen, sauran na bi bayansu da biro na rubuta saniya, akuya, tunkiya, agwagwa. Yaro da bai gama kama harshen uwarsa ba ina laifin a fara masa da shi, a haɗa biyun ma ai ba wuya. Na faɗa wa mai kayan kuma ta karɓa hannu bibbiyu ba ta ji haushi ba, wannan ya burge ni da ita.

Na biyu ya fi tsanani, idanun roban nan da ƙwallayen ulu ƙanana ne sosai kuma ba ta sa gargaɗi ko ɗaya a jikin akwatin ba. Ina da ƙaninta mai rarrafe, rana ɗaya na juya kawai na ga yana mamular wani abu, na sa yatsa na zaro ido ɗaya daga bakinsa, jikina har rawa yake. Irin waɗannan ƙananan abubuwan ba a ba yaron da bai kai shekara 3 ba saboda suna shaƙe maƙogwaro, shi ya sa kike ganin alamar 0-3 da jan layi a kayan wasan kanti. Don Allah in kina da ƙarami ki bari sai ya yi barci, in an gama ki share wurin tas.

Ƙullin wasan ma bai jure iskar hunturu ba, sau ɗaya aka bar murfi a buɗe ya bushe ƙamas. Sai na kwaɓa nawa, fulawa kofi 2, gishiri kofi 1, man gyaɗa cokali 2, ruwa kamar kofi 1 ana zubawa kaɗan-kaɗan, da ɗigon kalar abinci, ki murza har ya daina kama hannu ki rufe a roba mai murfi. Dama shi na kantin ma tushensa fulawa ne da ruwa da gishiri. Ki dai kula kada su ci don gishirin ya yi yawa.

Shin ki saya? In ba ki san ta inda za ki fara ba kamar yadda nake a da, ki sayi guda ɗaya, zai buɗe miki ido. Amma ba abin da za ki miƙa wa yaro ki tafi ɗora tukunya ba ne, sai kin zauna a tabarma tare da shi, ranar da na gwada barinta ita kaɗai gam ta juye a kan kafet ta dawo tana neman waya. Kuma kuɗin da ɗan nauyi in za a riƙa saya duk wata, alhali kwali da gam da kala duk akwai su a shagunan kayan makaranta a Sabon Gari. Na kasuwa da za a fitar wata mai zuwa ni zan haɗa abina, na fara tara kwalin ashana da murafen lemo da gwangwanayen tumatir, ita kuma tuni ta ce ita ce mai shago ni ce zan zo saye.