Sharhi kan fitilar infirared mai gindin tangaran don kyamarar tsaro

Yawancin kyamarorin tsaro da ake kafawa a shaguna da gidaje suna zuwa da ƙananan ƙwayayen fitila jere a kewayen idonsu, kuma da su ne suke gani cikin dare. A farko hoton yakan fito tas, amma bayan zafin bazara ya bi ta kansu sai ya fara dusashewa, har ta kai mutumin da ya tsaya a bakin ƙofa ba a iya tantance fuskarsa. Masu gyara sukan ce idon kyamarar ne ya mutu, alhali sau da yawa ƙwayayen ne zafi ya cinye. Fitilar da nake sharhi a kanta an yi ta ne don cike wannan giɓi. Ƙirar China ce marar sanannen suna, mai ƙwaya shida a cikin gidan alminiyam, tana aiki da wutar bolt 12, kuma ana kafa ta daban da kyamara.

Hasken da take fitarwa shi ne infirared, wato hasken da idon ɗan Adam ba ya gani, kuma yana da tsawon zango na nanomita 850 (da nanomita ake auna zangon haske). Idon ɗan Adam yana gani ne daga wajen nanomita 400 zuwa 700, shi kuwa silikon da ke cikin idon kyamara yana kama haske har kusan 1,100, saboda haka tsakar gida takan kasance da duhu ga mai wucewa amma a haskake ga kyamara. Idan aka tsaya gaban fitilar da dare ana ganin ƙwayayen sun ɗan yi ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Akwai nau'in nanomita 940 wanda ba ya nuna wannan ja, sai dai kyamara ba ta kama shi sosai, don haka nisan ganinsa ya fi gajarta.

Abin da ya sa na ga ta cancanci a yi magana a kanta shi ne abin da ke ƙarƙashin ƙwayayen. Da na kwance gilashin gaba, na tarar kowace ƙwaya tana zaune a kan ɗan falle mai kusurwa huɗu, faɗinsa bai wuce milimita uku da rabi ba, launinsa fari mai ɗan toka. Wannan shi ne tangaran ɗin. Ba irin na kwanukan jeren amarya ba ne, domin ana gasa shi ne daga garin sinadarin alminiyam, kuma yana da halaye biyu da ba kasafai suke haɗuwa a abu ɗaya ba: wutar lantarki ba ta bi ta cikinsa, amma zafi yana ratsa shi da sauri. Wannan yana da muhimmanci saboda ƙwayar infirared, ko da mai kyau ce, wajen rabin wutar da ta sha zafi take mayar da shi. Idan zafin ya tsaya a cikinta hasken yana raguwa tun a daren, kuma tsawon rayuwarta yana gajarta.

A ma'aunin da injiniyoyi ke auna yadda abu yake tafiyar da zafi, allon da'irar lantarki na yau da kullum yana tsayawa a wajen 0.3, tangaran na alumina yana tsakanin 20 zuwa 30, na alminiyam naitiraid kuwa yana kaiwa 170 ko fiye. Bayan haka, tangaran ba ya kumbura da ƙanƙancewa da yawa idan ya yi zafi ya huce, don haka ƙwayar da ke manne da shi ba ta saurin ɓallewa. Takardar da ke cikin kwalin ba ta faɗi wane nau'in tangaran aka sa ba, kuma wannan gazawa ce, tunda tazarar da ke tsakanin nau'o'in biyu mai faɗi ce. Duk da haka, idan fitilar ta jima a kunne aka taɓa bayanta za a ji ƙarfen ya ɗauki zafi sosai. Wasu za su ɗauka lahani ne. A gaskiya alama ce ta cewa zafin yana fita daga ƙwayayen, kuma a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, inda zafin watan Afrilu yake haura digiri 40 kuma bango yake riƙe shi har tsakar dare, ba ƙaramin abu ba ne.

A wajen aiki, hoton da ake samu da asuba bai bambanta da na bayan sallar isha'i ba, kuma wannan ne gwajin da fitilu masu arha suke faɗuwa. Raba ta da kyamara ma ya magance wata matsalar da kowane mai kyamara ya sani. Yanar gizo-gizo da ƙurar hunturu da ke gaban idon kyamara suna mayar da hasken ƙwayayenta cikin idon kai tsaye, hoton ya yi fari fat. Da na kafa fitilar a gefe, kamar taku biyu daga kyamarar, na kashe ƙwayayen cikinta, wannan hazo ya ragu ƙwarai.

Tana da nata aibobin. Nisan da aka rubuta a kwalin ya zarce abin da take iya haskawa har a gane fuska, kuma hasken ya fi taruwa a tsakiya, gefe da gefe na da duhu. Wayar wutarta siririya ce kuma gajera. Ɗan idon da ke kunna ta idan duhu ya yi yana ruɗewa da fitilar mota, sai ta mutu ta sake kamawa. Sannan babu gargaɗi ko ɗaya game da ido, alhali ƙwayar ido ba ta tsukewa don kare kanta daga hasken da ba ta gani, saboda haka bai dace mai kafawa ya ƙura mata ido a kusa ba.

Mai sayarwa ya yi ta nanata cewa tangaran ɗin ne yake haifar da hasken, kuma a nan ya haɗa abubuwa biyu ne. Gaskiya akwai irin wannan fasaha: ana ɗora sinadari mai ɗauke da kuromiyam a kan ƙwaya mai shuɗin haske, ya sha shuɗin ya fitar da infirared mai faɗin zango. A 2016 kamfanin Osram na Jamus ya fitar da ƙwayar SFH 4735 mai aiki ta hanyar sauya shuɗin haske, daga nanomita 650 zuwa 1,050, domin na'urorin auna ruwa da maiƙo da sukari a cikin abinci. Masu bincike suna ƙoƙarin gasa sinadarin ya zama fallen tangaran maimakon cakuɗa garinsa da ƙaro, saboda ƙaron yana riƙe zafi. A wannan fitila kuwa hasken daga ƙwayar kanta yake fitowa, aikin tangaran kwashe zafi ne kawai.

Kuɗinta ya ɗara na masu gindin roba, amma ga mai shago ko rumbun ajiya da kyamararsa take aiki kowane dare, ƙarin ya cancanta. Mai faffaɗan fili ya sayi biyu ya karkatar da su su haɗu a tsakiya, ya sauya wayar da mai kauri, kuma kada ya kafa su a jikin kwanon rufi, domin bayan fitilar yana buƙatar iska.