Shok ɗin "mai gas" da na ɗaura wa Boxer ɗina

Duk mai ɗaukar albasa a kan mashin daga gonakin Aliero zuwa kasuwa ya san ƙarar da shok, wato ƙarfen nan mai sifirin da ke shanye girgizar tayar baya, ke yi idan ya zauna har ƙasa, taya ta soma gogar murfinta. Nawa ya daɗe da kaiwa wannan matsayin. Ba zan ga laifin na kamfani ba, ya yi shekarunsa, kuma tun da man fetur ya tashi a 2023 na daina yin sawu biyu inda sawu ɗaya zai wadatar, buhu kan buhu nake labta masa. Shi ya sa da kakar albasa ta matso na shiga Jega na sayo irin dogayen nan masu jan sifirin mai kauri, masu ɗan tulu a gefe, waɗanda masu shago ke ce wa "mai gas". Kuɗin ba sai na faɗa ba. Ya fi na kamfani tsada dai.

Gaskiya ranar da na fara gwada shi da kaya na ji daɗi ƙwarai. Na ɗaure buhu biyu a kariya na biyo hanyar fadama, inda taraktoci suka kwarkwashe ƙasa tun damina ta bushe a haka, amma mashin bai durƙusa ba, bai yi ƙarar nan ba ko sau ɗaya. Da can idan na yi lodi, gaba yakan yi sakayau har kan mashin ya riƙa rawa a hannuna cikin yashi, saboda duk nauyin ya koma baya. Yanzu tayar gaba ta kama ƙasa. A makon nan babu wanda ban tallata wa shok ɗin ba, har wani ɗan kabu-kabu abokina ya ce zai sayo irinsa.

Sai ga sunan ɗiyar ƙanwata a wani ƙauye da ke bayan gonakinmu, aka ce ni zan kai Kaka. Tsohuwar nan ba ta da nauyi ko kaɗan, da hannu ɗaya za ka ɗaga ta. Ta hau a karkace kamar yadda tsofaffi ke hawa, ta rungume ƙwaryar gara a cinya, da ƙullin sabulu da turmin atamfa ɗaya. A kan kwalta ba mu ji komai ba. Muna sauka burji labari ya canja. Sifirin ɗin da ke lanƙwasa wa buhu biyu bai ma san an ɗora masa mutum ba. Ko wane ɗan rami muka faɗa, kai tsaye yake zuwa ƙugunta. Ina jin ta a bayana tana salati, tana ƙara damƙe rigata. Na rage gudu har na koma giya ta ɗaya, ina kewaye duwatsu ɗaya bayan ɗaya, duk da haka da muka hau wata ƙunya da ta ratsa hanya sai bayan mashin ya cilla ta sama, faifan da ta rufe ƙwarya da shi ya yi nasa wuri, sabulu ya watse cikin ƙura.

Ta ce, "Tsaya, tsaya, mai gidan! Kashe ni za ka yi ka auro yarinya?"

Na tsaya ina tsintar sabulu ina ba ta haƙuri. Ta sauka tana dafe da baya, ta dubi jan sifirin nan da kyau, ta ce, "Wanga abu ba don mutane aka yi shi ba. Allah ya so ni a Aliero nike, garin masu ɗori." Ta rantse ba za ta sake hawa ba. Haka muka ƙarasa, ita a ƙafa da sandarta, ni ina tura mashin da gara a kai, rana tana dukanmu, yaran ƙauyen suna biye da mu. Da muka isa an riga an raɗa suna, an watse. Har yau idan na shiga gaishe ta sai ta tambaye ni lafiyar jakina mai tutsu, kuma matan gidan sun samu abin dariya. Dawowa a mashin ɗin wani ta yi, tsohon Jincheng da ko fitila ba shi da ita, ta ce ta ji kamar a kan katifa. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Washegari na kai wa bakanikena. Ya ce shok abu biyu ne a haɗe: sifirin shi ke riƙe nauyi, mai da ke cikin bututun kuma shi ke hana sifirin dawowa da ƙarfi bayan ya matse. Idan sifirin ya yi tauri, man ciki kuma ba shi da ƙarfin riƙe shi, to harbi zai riƙa yi. Na Boxer na asali sifirin biyu ne, ƙarami a cikin babba, shi ya sa yake da laushi idan kai kaɗai ne, ya kuma ƙara ƙarfi idan nauyi ya danne shi. Wannan kuwa guda ɗaya ne mai kauri, ba ruwansa da ko wa ya hau. Ya sa sifana ya juya zoben ƙasa mai hawa biyar ya mayar da shi matakin farko. Ya ɗan sassauta, amma ya gaya mini kada in sa rai, zoben ba ya sauya taurin ƙarfen, iyakarsa ya rage matsin da aka yi masa tun farko.

Sannan ya ƙwanƙwasa ɗan tulun nan da sifana. Ya sake ƙwanƙwasawa, ya dube ni ya yi dariya. Ya kwance shi a gabana ya miƙo mini: fanko ne, babu gas, babu ko ƙofar da ta haɗa shi da bututun. Ado ne kawai aka liƙa, kuma a kan adon nan aka ƙara mini kuɗi.

Akwai kuma maganar tsawo, wadda mai shago bai ce mini komai a kai ba. Da muka jera shi da tsohon, daga ramin ƙusa zuwa ramin ƙusa, sabon ya fi da kusan faɗin yatsa biyu. Shi ya sa bayan mashin ya ɗaga, fitila ta koma haska gindin taya da dare, idan na kafe shi a ƙaramin sitan sai ya kwanta sosai kamar zai faɗi. Sarƙa ma sai da aka sake saita ta ina zaune a kai, don in an ɗaure ta mashin yana wofi, da zarar an yi lodi sai ta ɗame ta riƙa cin haƙoran sufaket.

Duk wannan da na haƙura, tun da dai don albasa na saye shi, kuma albasar yana ɗauka. Amma tun ba a gama kwashe ta zuwa rudu ba, wato rumbun da muke ajiye ta, na ga shok ɗin hagu ya jiƙe, ƙura ta manne a sandarsa ta yi baƙi. Na goge da tsumma, washegari ya sake tsattsafowa. Mai yake zubarwa. Yanzu idan na faɗa rami da kaya, gefe ɗaya ya riƙe, ɗaya ya saki, sai bayan mashin ya yi wani lilo da ba ya yi mini daɗi ko kaɗan, musamman a kan titin Sakkwato inda tirela ke wuce ka da iskarta. Robar ramin ƙusa ta sama ma ta tsage, tana ƙara.

Na koma Jega da shi. Mai shagon ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo mini ruwa, ya juya shok ɗin a hannu ya ce, "Alhaji, ai kayan da an ka ɗaura ba su komawa. Kuma lodi ya yi mishi yawa." Na tuna masa da bakinsa ya ce mini ko buhu uku in ɗora. Ya ce bai tuna ba. Da na ajiye masa fankon tulun a kan teburi sai ya ce haka kamfani ke yin su, shi ma haka ya saro.

Abokina ɗan kabu-kabu na riga na hana shi saye, don fasinja ɗaya zai ɗauka a hanyar ƙauye ya rasa shi har abada, balle mace mai ciki. Ni kuma bakanike ya ce idan faɗin ya yi daidai zai gwada cire jan sifirin ya sa a bututun irin na kamfani, tun da ƙarfen sifirin ɗin kansa ba shi da aibu. Sai albasar da ke rudu ta yi kuɗi zan sayi bututun. Kafin nan buhu ɗaya nake ɗauka, na koma sawu biyun da na sayi shok ɗin don in guje masa.